Sharhi: Dandalin Bulog a Matsayin Shafin Kwas da Ayyukan Ɗalibai

Na yi wasu shekaru ina amfani da dandalin bulog wajen gina shafin kwas ɗin da nake koyarwa, da kuma shafukan da ɗalibai ke baje ayyukansu na bincike. Mafi yawan aikin a kan WordPress na yi shi, sai dai na ɗan zauna da Blogger, na kuma gwada Google Sites. Ra'ayina shi ne bulog wuri ne mai kyau na koya wa ɗalibi yin rubutu domin mai karatu, amma ba wurin karɓar jinga da ajiye maki ba ne, kuma malamin da ya haɗa waɗannan ayyuka biyu a shafi ɗaya zai ɗora wa kansa wahalar da ba dole ba.

Abin da ke fara rikita sabon shiga shi ne suna ɗaya ne a kan abubuwa biyu. Akwai manhajar WordPress kanta, wadda Matt Mullenweg da Mike Little suka fitar a 2003. Kyauta ce, kuma kowace makaranta na iya ɗora ta a sabarta, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafukanta na intanet, ta juya ta yadda take so. Akwai kuma WordPress.com na kamfanin Automattic, inda mutum ke buɗe shafi cikin mintuna kaɗan ko da bai san komai game da sabar ba, amma tsarinsa na kyauta yana zuwa da talla da ƙayyadadden wurin ajiya, kuma ba a ɗora masa ƙananan manhajojin da ke ƙara wa shafi aiki. Idan makaranta na da ma'aikatan kwamfuta masu kula, na farkon ya fi, musamman da yake tun daga nau'i na 3.0 da ya fito a 2010 ana iya buɗe shafuka masu yawa a ƙarƙashin manhaja guda, kowane kwas da nasa, kowace ƙungiyar ɗalibai da nata. Jami'ar Mary Washington da ke jihar Virginia ta Amurka da Jami'ar Birnin New York sun daɗe suna tafiyar da irin wannan tsari ga malamansu da ɗalibansu.

An gina bulog ne domin sabon rubutu ya hau sama, tsohon ya yi ƙasa. Wannan ya dace da sanarwa da bayanan mako-mako, amma bai dace da jadawalin darussa da ƙa'idojin jinga ba, domin kafin a kai tsakiyar zango sun nutse, ɗalibai kuma su koma tambayar malami abin da ke rubuce tun makon farko. Maganin abin mai sauƙi ne: WordPress ya bambanta rubutun da ke bin kwanan wata da shafin da ke tsaye wuri ɗaya, saboda haka sai a sa jadawali da jerin littattafan dubawa a shafuka masu tsayawa, a mai da ɗaya daga cikinsu fuskar farko.

Inda WordPress ya fi burge ni, inda kuma ya kamata malami ya fi tsayawa ya yi tunani, shi ne rabon iko. Matsayi biyar ne a shafi na yau da kullum: mai gudanarwa, edita, marubuci, mai ba da gudummawa, da mai karatu kawai. Mai ba da gudummawa yana rubutu amma ba ya wallafawa, aikinsa yana jira har malami ya duba ya sake shi. Wannan yana da daɗin ji ga malamin da ke tsoron abin da ɗalibi zai fitar da sunan kwas ɗinsa, sai dai wannan matsayi ba ya ɗora hoto ko wani fayil, ga shi kuma a aji mai yawa malami ya zama mai gadin ƙofa, yana kwana yana danna maɓallin amincewa. Marubuci yana wallafa nasa, yana ɗora hoto, amma ba ya taɓa rubutun wani. Edita kuwa yana iya gyara ko goge na kowa. Na fi natsuwa da ba ɗalibai matsayin marubuci a shafin aji, matsayin edita kuma sai a ƙaramin shafin ƙungiyarsu, inda ɓarnar da za a iya yi ba ta wuce ta mutum huɗu ko biyar ba. Tun ran gini ran zane. Sauya wannan rabo bayan an yi nisa yana jawo ruɗani da ƙorafi.

Aikin ƙungiya yana da nasa cikas. A nau'o'in da na yi aiki da su, mutum ɗaya ne ke iya gyara rubutu a lokaci guda. Idan ɗaliba ta buɗe rahoton ƙungiya tana aiki, abokin aikinta ya zo buɗewa, sai sanarwa ta fito masa cewa wance na ciki, tare da zaɓin ya jira ko ya karɓe, kuma a daren da wa'adi zai cika ba kowa ke zaɓar jira ba. Shi ya sa nake ba su shawarar su gama rubutun haɗin gwiwa a wani wuri kamar Google Docs, sannan mutum ɗaya ya kwaso ya tsara. Amma akwai wani abu da ya rama wannan: tarihin gyare-gyare. Malami na iya ja da baya ya ga wanda ya adana kowane gyara da lokacin da ya yi shi, abin da aka ƙara da launin kore, abin da aka cire da ja. Rigimar nan ta cewa wane bai yi komai ba a ƙungiya, sau da yawa a nan take mutuwa, ko da yake tarihin ba ya nuna aikin da aka yi a ɗakin karatu ko wajen tattara bayanai.

Blogger, wanda aka fara a 1999 kuma Google ya saya a 2003, ya fi sauƙin koyo, kuma duk mai adireshin Gmail ya riga ya sami hanyar shiga. Matsayin masu rubutu biyu ne kawai a cikinsa, mai gudanarwa da marubuci, marubucin kuma kai tsaye yake wallafawa, sannan adadin waɗanda za a gayyata bai wuce 100 ba. Ya wadatar ga ɗalibin da zai riƙe kundin kansa na zango guda. Google Sites kuwa ba bulog ba ne a haƙiƙa, tunda ba shi da jerin rubutu bisa kwanan wata, amma mutane da dama na iya gyara shi a tare, kuma yana da kyau wajen baje kammalallen furojet.

Ribar da ta sa har yanzu ban bar wannan hanya ba tana cikin rubutun ɗaliban ne. Ɗalibin da ya san malami kaɗai zai karanta aikinsa yakan rubuta abin da yake zaton malamin na son ji. Da zarar ya san abokan ajinsa za su karanta, su yi tambaya a ƙarƙashin rubutun, sai ya fara bayyana kalmomin da a da yake jefawa ba bayani, ya sa mahaɗa zuwa inda ya samo hujjarsa, ya rage doguwar shimfiɗar da ba ta kai ko'ina. Sharhin abokan aji ba ya zuwa da kansa. Idan ba a faɗi abin da ake nema ba, abin da za a samu bai wuce «aiki ya yi kyau» ba. Na ga bambanci ne lokacin da na ce kowane sharhi ya ƙunshi tambaya ɗaya da marubucin zai amsa.

Wannan buɗewar kuma ita ce haɗarin. Maki da gyaran malami sirri ne tsakaninsa da ɗalibi, wurinsu Moodle ne ko Google Classroom, waɗanda aka gina domin haka. Ana iya kulle rubutu da kalmar sirri, ana kuma iya roƙon injinan bincike kada su nuna shafin, amma wannan roƙo ne kawai, ba kulle ba. Ɗalibin da bai so sunansa ya bayyana a fili ya kamata a bar shi ya yi amfani da laƙabin da malami kaɗai ya san mai shi, domin ra'ayin da mutum ya rubuta a shekararsa ta farko na iya bayyana ga mai ɗaukar aiki bayan shekaru. Haka nan dole a koya musu tun farko cewa hoton da aka tsinta a intanet yana da mai shi, a nuna musu waɗanda ke da lasisin Creative Commons, wanda ke ba da izinin amfani da hoto bisa wasu sharuɗɗa, da yadda ake ambaton mai hoton.

Sai tambayar da ba a cika yi ba har sai an makara: ina aikin zai zauna idan zango ya ƙare? Makarantu sukan rufe asusun waɗanda suka kammala, dandali ma yakan mutu, kamar yadda aka rufe dandalin bulog na Posterous a 2013 bayan Twitter ya saye shi. WordPress yana ba da damar fitar da rubuce-rubuce da sharhi gaba ɗaya a fayil guda da za a iya shigarwa a wani shafin, yana kuma karɓar abin da aka kwaso daga Blogger. Sai dai hotunan ba sa cikin wannan fayil, adireshinsu kawai yake ɗauke da shi, saboda haka idan tsohon shafin ya rufe kafin a kwashe su, rubutun zai iso babu hoto ko ɗaya. A makon ƙarshe na kwas nakan ware lokaci a aji domin kowace ƙungiya ta fitar da fayil ɗinta, ta sauke hotunanta daban, ta kuma gwada shigar da su a sabon shafi tun tsohon yana nan.