Shekara biyu da Omega Seamaster a hannuna: darajarsa a kasuwa da abinda ya kamata ka sani kafin ka saya

Duk wanda ya ga agogon nan a hannuna tambayarsa ɗaya ce, nawa yake yanzu, wato in na kai shi kasuwa yau nawa za a bani, kuma na gaji da bada amsa guntu-guntu shi yasa nace bari in zauna in rubuta abinda na sani gaba ɗaya. Agogon dai Omega Seamaster Diver 300M ne, mai shuɗiyar fuska da sarƙar ƙarfe, lambarsa 210.30.42.20.03.001, kuma na hannu na saya ba sabo ba. Shekara biyu da 'yan watanni kenan kusan kullum yana ɗaure a hannuna.

Gaskiya ba shi ne a raina ba da farko. Rolex Submariner nake so, wanda babu kwanan wata a fuskarsa, mai lamba 124060, wanda ya fito a 2020 da faɗin milimita 41, kuma duk mai son agogon nutso ya san dalili, tun 1953 ake yin Submariner kuma kusan duk agogon nutso da kake gani yau akwai kamanninsa a jiki. Amma lokacin da na fara nema wajen ƙarshen 2021 zuwa farkon 2022 kasuwa ta haukace, a shagon dilolin kamfani farashinsa wajen dala dubu tara ne amma ba zaka shiga ka fito da shi ba sai dai a rubuta sunanka ka jira, a wajen masu sayar da na hannu kuma sai ka ɗora dubbai a kai, wato na hannu yafi sabo tsada. Saura kaɗan in biya wallahi, don kowa cewa yake gobe zai ƙara hawa. Allah ya taimake ni kuɗin basu haɗu ba a lokacin. Daga wajen watan Afrilun 2022 farashin agogunan nan na hannu ya fara sauka kuma ya daɗe yana sauka, waɗanda suka saya a ƙololuwa da niyyar juyawa su ci riba da yawansu har yau basu maida uwar kuɗinsu ba. Wannan abin ne ya canja min tunani, na daina kallon agogo kamar fili ko zinare, na koma tambayar kaina wanne ne zan ji daɗin ɗaurawa kuma in ta kama in sayar ba zan ji jiki sosai ba.

A haka na faɗo kan Seamaster. Shi labarinsa akasin na Submariner ne, lokacin da na saya sabo a shago yana tsakanin dala dubu biyar da dubu shida gwargwadon sarƙa ce ko maɗaurin roba, kuma akwai shi, ka shiga ka biya ka fito, to tunda babu jira babu dalilin da wani zai biya ƙari a waje, sai ma ragi. Ni nawa na same shi wajen kashi uku cikin huɗu na kuɗin sabo, mai shi na farko bai fi shekara ɗaya da rabi da saya ba, da kwalinsa da katunansa da ragowar garanti, don tun 2018 Omega shekara biyar suke bayarwa. Wanda ya saya sabo shi ya ɗauki faɗuwar nan ta farko, ni na tarar farashin ya riga ya zauna. In kana son wannan agogon kuma ba wai lallai sai ka zama kai ka fara ɓare ledarsa ba, to na hannu mai cikakkun takardu shi ne shawarata kai tsaye.

Yanzu maganar agogon kansa. Wannan samfurin na 2018 ne, da aka sabunta shi shekara 25 bayan fitowar na farko a 1993, faɗinsa milimita 42, fuskar seramik ce da zanen igiyar ruwa da aka sassaƙa da hasken lesa, kuma a hoto ba zaka gane kyanta ba sai rana ta dake ta, wani lokacin shuɗi mai duhu kamar baƙi wani lokacin ya buɗe ya yi haske. Zoben nan mai juyawa na kewayen fuska, bezel, shi ma seramik ne, shekara biyu na buga shi a ƙofa na buga a teburi babu ko ɗigon karce, amma maƙullin sarƙar ta ƙasa ya cika da ƙananan karce saboda goga teburi in ina aiki a kwamfuta, wannan kuma kowane agogon ƙarfe haka yake. Injin ciki mai lamba 8800 ne, babu batir, motsin hannunka ke wana shi, in ka ajiye kuma yana ɗaukar awa 55 kafin ya tsaya, wato ka cire daren Juma'a zuwa safiyar Litinin zaka iya tarar da shi ya tsaya, a nan Submariner mai awa 70 ya fi shi. Abinda ya fi burge ni shi ne daidaito, takardar gwajin METAS, hukumar awo ta Suwizalan, tana nufin kada ya yi latti ko daƙiƙa ɗaya kuma kada ya wuce gaba da fiye da daƙiƙa biyar a rana, ni nawa wajen daƙiƙa biyu yake ƙarawa, nakan yi wata guda ban taɓa shi ba sai in gyara kwanan wata ya taso. Sannan maganaɗisu baya dagula shi har gaus 15,000, gaus shi ne ma'aunin ƙarfin maganaɗisu, wanda ga mai yini kusa da waya da lasifika da kwamfuta ba ƙaramin abu bane, don yawancin agogunan inji da zaka ga sun fara gudu ba gaira ba dalili maganaɗisu ne ya kama su.

Akwai abubuwan da ya kamata ka gwada a hannunka kafin ka biya, ba don aibi bane, zaɓi ne. Agogon yana da nauyi da kauri, kuma sarƙar bata sirancewa zuwa ƙasa kamar ta wasu, in hannunka siriri ne zaka ji shi, inaga gara ka duba Tudor Black Bay 58 mai milimita 39 wanda ke jure zurfin ruwa har mita 200. Sai ɗan maɓallin nan da ya fito a saitin ƙarfe goma, na fitar da iskar hiliyom ne ga masu aikin nutso mai zurfi da ke kwanaki a cikin ɗakin matsin iska, ni da kai ba zamu taɓa buɗe shi ba, wasu basa son ganinsa ni kuma na saba har ina ganin shi ne alamarsa. Na shiga ruwa da shi sau da yawa, iyo dai da ɗan nutso mara zurfi, mita 300 ɗin nan na cikin sunansa, wato zurfin ruwan da zai iya jurewa, ba wanda zai kai can, amfaninsa kawai hankalinka ya kwanta. Sharaɗin shi ne ka tabbata ka murɗa maɓallin gefe ya kulle tam kafin ruwa ya taɓa shi.

To ga inda nake so a fahimce ni sosai, maganar daraja. Agogo ɗaya farashi uku gare shi. Akwai na shagon kamfani, akwai wanda zaka gani an rubuta a intanet irin su Chrono24, sai kuma wanda dila zai ƙirgo ya baka a hannu yau, kuma na ukun nan shi ne ainihin darajar agogonka in buƙata ta taso maka. Bara na so in san matsayina sai na kai shi wajen diloli biyu ba don zan sayar ba, dukkansu abinda suka taya ya yi ƙasa da abinda nake gani a intanet sosai, na farkon ma har raina ya ɗan ɓaci, amma da na zauna na yi lissafi sai naga ai dole, shi ma zai ci riba, zai duba shi, zai bada nasa garantin, kuma kuɗinsa zai kwanta wata ɗaya ko uku kafin mai saye ya zo. Sannan farashin da ka gani an rubuta a intanet na nema ne, ba lallai a haka aka sayar ba, wani agogon wata shida yana nan a rataye ba wanda ya taya. Saboda haka in kana bincike kar ka ɗauki mafi tsada ka ce haka nawa yake, duba mafi arha a cikin masu cikakkun takardu da yanayi irin naka, sannan ka rage wani abu. Da na yi hakan na gano in na sayar ga mutum kai tsaye zan samu kusa da abinda na biya, in dila ne zan yi asarar wani abu amma ba mai karya mutum ba, kuma ni hakan ya min, shekara biyu ina morar abu irin wannan.

Submariner shi har yanzu yafi riƙe kuɗinsa, wannan ba gardama, in ka samu a farashin shago to ka yi sa'a. Amma in zaka biya ƙari a waje ka sani ƙarin nan shi ne farkon abinda ke narkewa in kasuwa ta juya, mun gani a 2022. Rolex ɗin ma da kansu sun shiga harkar na hannu a ƙarshen 2022 da tsarin da suke tantance tsohon agogo su bashi garantin shekara biyu, ya fi tsada amma ga wanda ke tsoron jabu akwai kwanciyar hankali.

Kuma jabu abin tsoro ne yanzu fa, an wuce zamanin da zaka ɗaga ka ji ba nauyi ka gane. Kafin in sayi nawa akwai wani da na kusa saya wajen wani mutum, farashin ya yi daɗi ƙwarai, ya turo hotuna masu kyau, da na ce ya ɗauko min hoton lambar jikin agogon kusa da katin garanti sai ya fara kewaye-kewaye, yau katin yana wajen ɗan'uwansa gobe yana tafiya, ga shi yana matsa min in tura rabin kuɗi don wai wani na jira. Na haƙura. Ban san ko jabu bane ko na sata ko kuwa mutumin kirki ne mara tsari, amma kuɗi irin wannan ba a yin ƙila da su. Lambar da ke jikin agogo dole ta zo ɗaya da ta katin, kuma akwai The Watch Register inda ake biyan ɗan kuɗi a duba ko an taɓa kai rahoton sace agogo mai wannan lambar. In ta intanet ne ka bi ta inda ake riƙe kuɗin sai kaya ya iso hannunka ka duba kafin a sakar wa mai sayarwa, in ido da ido ne ku haɗu wajen ƙwararren mai gyaran agogo ya ɗora shi a na'urar da ke auna bugun inji, minti biyar ne zai gaya maka lafiyarsa. Seamaster ɗin nan bayansa gilashi ne ana ganin injin, hakan na taimakawa amma kar ka dogara da idonka kaɗai.

Wani abin da mutane basa lura shi ne gogewa. Mai sayarwa zai kai agogo a goge shi da inji ya yi ƙyalli kamar sabo, alhali duk gugar nan ƙarfe take ci, gefunan da suke da kaifi sai su zama sulɓi, kuma masu saye da suka san abin suna rage kuɗi akan haka. Ni gara min mai ƙananan karce wanda ba a taɓa ba. Ka ƙirga 'ya'yan sarƙar ma, in an cire wasu aka ɓatar sayensu daban ba arha bane.

Sai sabis, wanda shi ne kuɗin da ba a faɗa maka ranar saye. Injin nan mai ne a cikinsa kuma yana bushewa, Omega suna cewa duk shekara biyar zuwa takwas a kai shi, kuma cikakken sabis ɗaruruwan daloli ne. Don haka in ka ga guda biyu, ɗaya ɗan shekara biyu ɗaya ɗan shekara shida da ba a taɓa buɗewa ba kuma bambancin kuɗinsu kaɗan ne, to mai arhar nan shi ne mai tsada. Nawa bai kai lokacin ba tukuna amma tun yanzu nake ware wani abu a gefe saboda shi, gwajin ruwa dai duk shekara nake kai shi don robobin da ke tare ruwa suna tsufa ko baka shiga ruwa ba, na bana an yi watan jiya ya wuce lafiya, mai gyaran yace robar maɓallin gefe zata iya kaiwa lokacin sabis ɗin ba sai an canja yanzu ba.