MiG-21MF na Eduard, sikeli 1/48: ra'ayina bayan na haɗa shi a nan Zariya

Toh jama'a, masu tambaya akan ɗan jirgin yaƙin nan da na haɗa, ga bayani. Ba abin wasan yara bane, kuma ba a haɗe yake zuwa ba. Kwali ake siya, cikinsa gutsattsarin roba ne maƙale a jikin firam, kai zaka yanke su ɗaya bayan ɗaya ka goge ka manna kayi fenti da hannunka. Wanda na haɗa shine MiG-21MF na kamfanin Eduard dake ƙasar Cek, sikeli 1/48, wato an rage ainihin jirgin sau 48 kenan. Faɗin fuka-fukan MiG-21 na gaske mita 7 ne da ɗan ɗoriya, dan haka naka zai fito wajen santimita 15 a faɗi, tsawon kuma ya haura 30 in ka haɗa da dogon tsinken nan dake saman hancinsa. Tun yanzu in faɗa maku kaya ne mai kyau sosai, ya ci kuɗinsa, amma kuɗin kwali ba shine ƙarshen kashe kuɗi ba musamman ga wanda yake zaune a Zariya irina.

Duk wanda ya tashi a garin nan ya saba ɗaga kai sama, saboda kwalejin koyon tuƙin jirgi dake nan tun 1964, ƙananan jiragen ɗalibai kullum suna shawagi ta saman Palladan da Samaru. Daga nan son jirgi ya shige ni. Shi kuma MiG-21 na zaɓe shi ne saboda namu ne ta wani ɓangaren, a 1975 sojin saman Najeriya suka karɓi irin wannan samfurin na MF daga Tarayyar Sobiyat, kuma ko jirgin yaƙin F-7 ɗin da aka siyo daga Sin daga baya zuriyarsa ne. Jirgi ne da aka ƙera sama da 11,000, yana ninka gudun sauti sau biyu, ƙasashen Afirka da dama sun yi aiki da shi. Ni dai burina shine in ga kore-fari-kore a jikinsa akan teburina.

Siyan shi sai ta intanet, na zaga ban ga mai siyar da irin wannan ba a Sabon Gari ko PZ. Wani mai shigo da kaya ne a Legas ya kawo min, ya ɗora a mota na je na karɓa a tasha ta wajen Kwangila, kuma wallahi raina ya ɓaci da na ga kwalin, an danne shi da kaya gefe ɗaya ya lotsa, bayan na roƙi mutumin nan ya saka shi cikin wani kwali mai kauri. Allah ya taimaka komai na ciki a leda yake babu abin da ya karye. Dan Allah in zaku yi oda ku nace akan wannan, gilashin saman matuƙi in ya tsage babu gyara.

Nawa irin wanda suke kira ProfiPACK ne. Banda robar, akwai ɗan falle na ƙarfe siriri wanda an riga an yi masa kala, a ciki akwai allon agogunan gaban matuƙi da bel ɗin kujera, sannan akwai salatef ruwan ɗorawa da aka yanka daidai gilashi dan kar fenti ya taɓa shi, ga littafin bayani mai kala da zane mataki-mataki, ko turancinka bai da ƙarfi zane kawai zaka bi. Babu mutum-mutumin matuƙi a kwalin nawa, kujera ce kawai, ni kuma hakan yayi min daidai.

Mazaunin matuƙi shine inda na fi daɗewa kuma nan ne na gane kuɗina bai tafi a banza ba. Jiragen Sobiyat na wancan zamanin ana fentin cikinsu da wani kala tsakanin shuɗi da kore mai haske, kuma ƙarfen da suka sako ya zo da wannan kalar, sai kai kuma ka haɗa fentinka ya dace da shi. Allon agogunan falle biyu ne, na ƙasa yana ɗauke da fuskokin agogo baƙi da farin rubutu, na sama yana da ramuka, in ka ɗora ɗaya kan ɗaya sai kowane agogo ya leƙo ta raminsa, ka ɗiga ɗan fanis mai sheƙi da tsinken sakace a kowane rami sai ya zama gilashi. Na ɗauki waya na haska ciki na daɗe ina kallo. Amma fa akwai wasu maƙunnai da hannaye da girmansu bai wuce ƙwayar gero ba, sai da matsefata, kuma in ɗaya yayi tsalle daga bakin matsefatar ya faɗi ƙasa sai dai haƙuri. Ni farin zani nake shimfiɗawa ƙarƙashin tebur, in kashe fanka, in rufe ƙofa, zafi ko ba zafi. Kujerar ma kanta guntaye da yawa ce, bel ɗin sai ka lanƙwasa shi a hankali ya kwanta yadda na gaske zai kwanta, kar ka barshi a miƙe sandare.

Haɗuwar jikin kuwa ba magana. Ɓari biyu na gangar jirgin suna rungumar mazaunin matuƙi da ramin tayoyi da bututun injin na baya, in ka zaunar da kowanne a gurbinsa suna rufuwa lafiya lau. Abin da ya fi burge ni shine dabarar da suka yi, ƙashin bayan jirgin da wutsiyar tsaye daban suke zuwa, sai ka ɗora su a sama su rufe layin haɗin gaba ɗaya, ƙasan fuka-fukan kuma falle ɗaya ne haɗe da wani sashe na cikin jirgin dan haka fiffike bazai karkace ba. Fila, wato abin cike giɓi, kaɗan na sa a ƙasan hanci. Layukan jiki da ɗigon kusoshi sirara ne ƙwarai, shi yasa ba'a dirje shi da samfefa mai kaushi, na siyo mai lamba 1000 da 2000 wajen masu kayan fentin mota a Sabon Gari, ina jiƙa ta da ruwa kafin in goga. Kar a manta da koren mazugin nan na bakin hanci, a jirgin gaske a cikinsa na'urar hango abokan gaba take kuma yana matsawa gaba da baya dan daidaita iskar dake shiga injin, a fenta shi tun kafin a rufe jiki, ni har ɗan dalma na cusa a ciki dan kar jirgin ya zauna da wutsiya.

Yanzu maganar gam, nan ne da yawa zasu lalata kayansu. Sufa gulu ba shine gam ɗin wannan aikin ba. Akwai gam na musamman mai ruwa-ruwa, irin Tamiya Extra Thin, wanda zaka haɗa guntaye biyu tukuna sannan ka taɓa bakin layin da ɗan buroshinsa, shi da kansa zai bi layin ya narkar da robar ta zama abu ɗaya. Sufa gulu na guntayen ƙarfe ne kawai, kuma kar ya kusanci gilashi domin tururinsa yana barin farin hazo a jiki mai wuyar fita. Gilashi farin gam na kafintoci ya ishe shi, in ya bushe baya nunawa. Matsalar itace gam da fenti da tina (ruwan tsinka fenti) abubuwa ne masu kama wuta, ba kowane mai jigila ke yarda ya ɗauko su ta jirgi ba, dan haka a nemi hanyar samunsu tun kafin a biya kuɗin kwali, in ba haka ba zaka zauna kana kallon roba wata da watanni. Littafin yana bada lambobin fenti na kamfanin Gunze, in baka samu ba sai ka nemi makamancinsa.

Sai ƙura. Wanda bai yi feshin fenti a Zariya lokacin hunturu ba bazai gane ba, ka fesa fiffike yayi sumul, ka juya ka dawo ka tarar da gari-gari ya zauna akai, ga iskar a bushe har fentin yana bushewa tun kafin ya sauka a jikin roba sai ya fito da kaushi. Abin da yayi min aiki shine in yayyafa ruwa a ƙasan ɗaki, in ƙara tina kaɗan, in matso da bakin feshin kusa, da na gama kuma in kife babbar roba mai murfi akai. Da sassafe yafi. Ga kuma wuta, kwamfaresan feshi na buƙatarta, sai ka haɗa fenti a ɗauke wutar, dole in wanke bindigar feshin nan take kar ya daskare a ciki.

Kwalin da na samu babu tambarin Najeriya cikin sitikun, na wasu ƙasashe ne, kuma ban ga laifinsu ba tunda mu ba kasuwarsu bane. Da hannu nayi namu. Na bi hotuna na masa rodi-rodi na ruwan ƙasa da kore, ƙasan jirgin kuma shuɗi mai haske, wanda ma yafi sauƙi akan kalar azurfa da ke tona duk wani ɗan ƙarce. Wajen tambarin na fara fesa fari, ya kwana ya bushe, sannan na yanka zobe na salatef da kamfas ɗin lissafi da na ɗaura wa reza, na manna zoben na fesa kore, da na ɗaga sai ga kore a tsakiya, fari, kore a waje. Ranar har maigidan da muke maƙwabtaka, dattijo ne da ya yi aikin soja, na kai masa ya gani, ya riƙe shi da hannu biyu yana juyawa yace "Kai yaro, wannan ai namu ne." Naji daɗin maganar nan har raina.

Sitikun ruwan suna da kyau, sirara ne, ka tsoma a ruwan ɗumi kaɗan ka zame su kan jiki, amma sai an fesa fanis mai sheƙi tukuna in ba haka ba iska zata maƙale a ƙasa suyi fari-fari. Ƙananan rubuce-rubucen gargaɗi na jikin jirgin suna da yawan gaske, kowane murfi da nasa, na raba su dare-dare. Daga nan na samo fentin mai na masu zane a Samaru inda ɗaliban zane-zane na ABU ke siya, baƙi da ruwan ƙasa, na tsinka shi sosai na bi layukan jiki, bayan ya ɗan sha iska na goge da auduga ta bin yadda iska ke bi daga gaba zuwa baya, nan take duk kusoshin nan suka fito. Kar a cika, jirgin da ake kula da shi baya yin baƙi ƙirin.

Makamai sun sako fiye da yadda zaka iya ratayawa, masu linzami kala-kala da bama-bamai da tankunan mai, alhali maratayan fiffike huɗu ne sai ɗaya a ƙarƙashin gangar jirgin. Na sa masu linzami biyu da tanki ɗaya, sauran na adana. Tsinken hanci da ƙafafun tayoyi a barsu sai ƙarshe, siraran gaske ne.

Wa zan ce ya siya? Wanda ya taɓa haɗa ko da ɗaya, ko mai haƙurin aikin hannu irin masu gyaran waya da agogo, wannan zai ji daɗinsa sosai. Wanda bai taɓa ba ya fara da ƙarami na 1/72 mai guntaye kaɗan, ko ya nemi wanda Eduard ke kira Weekend, robar ɗaya ce amma babu tarin ƙarfen nan kuma yafi araha. Yaro ƙarami kuwa a'a, akwai reza akwai tina, sai dai ya zauna gefe yana miƙo maka kaya, kuma a buɗe taga lokacin feshi ko da ƙurar zata shigo. A tanadi kabad mai gilashi tun da wuri, kuma nesa da rana dan zafin bazara yana lanƙwasa siraran guntaye. Na gaba da nake nema shine Alpha Jet irin na sojin samanmu na Kainji, duk wanda ya san mai shigo da shi tare da fenti dan Allah yayi min magana.