TalkBack ko VoiceOver: wanne ya fi wa makaho idan sabuntawa ta ɓata saƙo?

Makaho da kunne yake karanta saƙon tes. Ya ɗora yatsa a gilashin waya, murya ta faɗa masa abin da ya taɓa, ya ƙwanƙwasa sau biyu ya buɗe. To, sabunta manhajar waya sau ɗaya yana iya barin maɓallin turawa ba suna, murya ta ce "maɓalli" kawai ta yi shiru.

A iPhone, VoiceOver, wato manhajar da ke wannan muryar, yana nan tun 2009, kuma ya fi daidaito. Sai dai manhajar saƙon tana tafe ne da iOS ɗin kanta, wato babbar manhajar da ke tafiyar da iPhone. In ta lalace, komawa baya da wuya, sai jiran gyaran Apple. Ga tsada.

Android kuwa, irin Tecno da Infinix ɗin da suka cika hannun mutane a Bauchi, tasa manhajar muryar, wato TalkBack, takan yi tuntuɓe. Amma akwai mafita. Ana kashe sabuntawar kai-tsaye a Play Store, ana cire sabuntawar manhajar saƙo ta Google Messages, ko a sauya manhaja gaba ɗaya. Mai gyaran waya a kasuwar Wunti zai iya wannan cikin 'yan mintuna.

Ni dai ga ɗalibi makaho mai ƙaramin ƙarfi, Android nake ba da shawara.