Wasiƙa daga Jamus: kafin ka zuba kuɗinka a sabon furosesa

Ƙanena, ina fata kana lafiya, da su Hajiya da yaran shago. Ka ce in sayo maka furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) mafi sabo tare da modabod ɗinsa (babban allon cikin kwamfuta da ake ɗora shi a kai) in ba mai zuwa ya kawo maka, tunda injin da kake haɗa bidiyon biki da shi ya fara ja da baya. Amsar ta fi ƙarfin saƙon waya, kuma na san ba kai kaɗai ke da wannan tambayar a Kaduna ba.

Masu harkar kwamfutar tebur a nan duk jira suke yi. Wasu na jiran sabon furosesan Zen 6 na kamfanin AMD, wasu na jiran Nova Lake na kamfanin Intel. In ka zauna da su, maganar gudu tana zuwa daga baya. Abin da kowa ke fara tambaya shi ne: zai hau modabod ɗina, ko sai na sayi wani? Dalili kuwa kowane furosesa yana da mazauninsa a jikin allon, wato soket, kuma kamfanonin biyu ba halinsu ɗaya ba. AMD ta fito da soket ɗin AM4 a 2016, ta yi ta ɗora masa sababbin furosesoshinta na Ryzen har aka kai 5800X3D a 2022. Mutum ya sayi allo a 2017, bayan shekara biyar ya sabunta BIOS, wato manhajar da ke cikin allon, ya cire tsohon furosesa ya sa sabo, shi ke nan. Soket na yanzu, AM5, ya zo a Satumban 2022, kuma kamfanin ya yi alkawarin ci gaba da shi har 2027 ko fiye, shi ya sa masu allon B650 da X870 ke sa ran Zen 6 zai hau nasu. Intel kuwa soket ɗin LGA1700 ya ɗauki furosesoshinta na zubi na 12 da 13 da 14, sai aka koma LGA1851 a Oktoban 2024 da Core Ultra 200S, kuma tuni ake raɗe-raɗin Nova Lake zai zo da nasa mazaunin daban. Wanda ya sayi allon Z890 da tsada ba ya jin daɗin wannan labarin ko kaɗan.

Masu wasannin kwamfuta su Ryzen 7 9800X3D suka ɗauka a kai tun fitowarsa a Nuwamban 2024 a kan dala 479. Kai ba wasa kake yi da injinka ba, don haka wannan bai shafe ka ba.

Abin da ya fi burge ni a ƙasar nan ba kayan ba ne, domin furosesan da ke Berlin shi ne wanda ake kawowa Ikeja. Abin da ke kewaye da cinikin ne. In ka sayi kaya ta intanet, doka ta ba ka kwana 14 ka mayar ba tare da ka faɗi dalili ba. Ban da wannan akwai garantin shekara biyu da doka ta ɗora wa mai sayarwa, ko ya so ko bai so ba. Kuɗin da ka gani a rubuce shi ne kuɗin, har da harajin kashi 19 cikin ɗari a ciki, babu "nawa gaskiya", babu "Allah ya ba mu kasuwa". Akwai shafuka irin Geizhals da ke jera maka farashin shaguna da yawa a lokaci guda, har su zana maka yadda kuɗin kayan ya hau ya sauka a watannin baya. Ka yi oda yau, kafin jibi kwali yana bakin ƙofa, da rasit a ciki. Wannan rasit ɗin shi ne komai.

Ga inda na ga amfaninsa da idona. A 2024 Intel ta amsa cewa wasu furosesoshinta na zubi na 13 da 14 suna lalacewa saboda wutar da ke shiga cikinsu ta yi yawa, ta fitar da gyara ta hanyar BIOS, ta kuma ƙara shekara biyu a kan garantinsu. Mutanen nan da abin ya shafa suka naɗe nasu suka aika, aka musanya musu. Na yi ta tunanin ɗan uwanmu da ya sayi irin wannan a hannun wanda ya sayo a hannun wani daga Dubai, ba kwali ba takarda. Injin zai riƙa mutuwa a tsakiyar aiki, a ce masa wuta ce, a ce masa bairos ne, ya yi ta biyan kuɗin sake saka Windows. Wa zai mayar wa? Wannan yana ci mini rai ƙwarai, don kuɗin da ya kashe ya fi masa nauyi sau nawa a kan Bajamushen da aka musanya wa kyauta.

Amma kada ka ɗauka komai na nan ya fi namu. A nan in allo ya samu matsala bayan garanti ya ƙare, sai juji. Ladan mai gyara na awa ɗaya ko biyu ya isa ya sayi wani allon, don haka ba wanda zai tsaya duba maka. Ina tuna yaran da ke gyara a shagunan Ahmadu Bello Way, mutum ya sunkuya da madubin ƙara girma da bakin allura yana miƙe ƙafafun soket da suka lanƙwashe ɗaya bayan ɗaya, ko ya ciro kafasita daga mataccen allo ya dasa a wani, injin ya tashi kana tsaye. Irin wannan hannun yana da wuyar samu a nan, in ma ka samu sai ka yi layin mako. Ranar Lahadi kuma shaguna a rufe suke, kome gaggawarka.

Sai maganar wuta, wadda masu jiran sababbin kaya a nan ba sa sawa a lissafi sai ta fuskar tsadarta. Core i9-14900K yana iya jan wat 253 shi kaɗai in aiki ya yi nauyi, ban da katin hoto. Ka auna wannan da inbatar shagonka, da zafin watan Afrilu, da ƙurar hunturu da ke toshe fanka. Ryzen 7 9700X wat 65 aka rubuta masa, kuma ƙwayoyin aikinsa takwas sun ishe ka haɗa bidiyo. A Kaduna wannan bambancin yana nufin awannin aiki bayan an ɗauke wuta.

RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da injin ke aiki da ita, ita ma ta zama abin magana. AM5 da LGA1851 duka RAM nau'in DDR5 kaɗai suke karɓa, kuma tun ƙarshen 2025 kuɗinta ya yi tashin gwauron zabi saboda kamfanonin ƙirƙirarriyar basira suna kwashe abin da masana'antu ke fitarwa. Har a nan mutane sun dakata da haɗa sababbin injina.

Ka kuma faɗa wa masu cibiyar buga takardu da ke gefenka su yi hattara da gwanjon Dell da HP da za su cika kasuwa. Microsoft ta janye tallafin Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, kuma Windows 11 ba ya karɓar Intel da bai kai zubi na 8 ba ko Ryzen da bai kai 2000 ba. Ofisoshin Turai suna fitar da tsofaffin, kuma mun san inda kwantenar za ta sauka. Su duba lambar furosesa kafin su biya.

Game da naka, ka buɗe murfin injin ka ɗauko mini hoton sunan da ke rubuce a jikin allon. In AM4 ne, kamar yadda nake zato, zan nemo maka Ryzen 7 5700X, ka riƙe DDR4 ɗinka, ka sabunta BIOS kafin ka cire tsohon, kuma ka yi hakan a kan UPS don kada wuta ta yanke a tsakiya. Ragowar kuɗin ka sayi fawa saflai mai kyau da sitabilaiza. In kuma allon ya tsufa da yawa, sai mu yi maganar B650 da 9700X, zan sa rasit a cikin kwalin da sunana don in wani abu ya faru a dawo mini da shi. Ka gaida Hajiya, ka ce mata maganin gwiwar yana cikin kayan.