Alamar kuɗi: gasa ko kwamiti?

Indiya gasa ta buɗe a 2009, aka shigo da zane fiye da 3,000. A 2010 aka ɗauki na Udaya Kumar, wato ₹, alamar kuɗin rupee, wanda ya haɗa harafin “ra” na Devanagari (rubutun da ake rubuta Hindi da shi) da R na boko. Ita kuwa €, alamar kuɗin euro, Hukumar Tarayyar Turai ce ta zaɓe ta, ta fito da ita a 1996, daga harafin Girka “epsilon” da aka sa wa layi biyu a tsakiya.

Kwamiti ya fi sauri, amma ni gasa na fi so, domin jama'a kan ji abin nasu ne. Sai dai ba ta hana gardama: a 2025 jihar Tamil Nadu da ke Indiya ta sauya ₹ da harafin Tamil a tambarin kasafin kuɗinta, alhali mai zanen ₹ ɗan jihar ne.