Ekografin zuciya na kan welo, abin da na gani

Masu fama da haki in sun ɗan yi tafiya, ga sharhina kan gwajin nan. Ni dai daga Zengo zuwa kasuwar Dole a ƙasa sai na tsaya in huta, kowa ya ce ƙurar hunturu ce ko asma. Nan Damagaram an yi mini ekografin zuciya, wato hoton zuciya da ake dubawa da na'ura a ƙirji, ina kwance, aka ce ba a ga wani abu ba, to ai ni ma in ina kwance lafiyata lau. Shi ne likitan zuciya ya tura ni wata kilinik a Yamai a yi mini na motsa jiki.

An ce kar in ci abinci mai nauyi kafin in zo, shayi da kafe ma a bari, wannan ya fi komi yi mini wuya wallahi. Suka manna mini wayoyi a ƙirji, suka ɗaura abin awon tansiyo (hawan jini), na kishingiɗa kan wani welo (keke) ina tuƙawa, bayan minti biyu-biyu sai su ƙara mishi nauyi, likita kuma na riƙe da na'urar a ƙirjina yana kallon zuciyar tana aiki a allo. Lissafinsu shi ne a cire shekarunka daga 220, a nemi bugun zuciya ya kai kashi 85 cikin ɗari na abin da ya rage, ni mai shekara 50 wajen 145 kenan a minti. Ban kai nan ba haki ya taso, likita ya ce "Alhaji daure kaɗan, yanzu ne nake ganin abin."

Ashe tansiyon da na daɗe da shi ya sa naman zuciyar ya yi tauri, tana matso jini daidai amma ba ta sakewa da kyau ta cika, in aiki ya ƙaru sai matsin ya koma wajen huhu. A kwance ba ya nunawa sosai.

Ba zafi, ba allura, mai ciwon gwiwa ne ake sa ma dobutamin, maganin da ke sa zuciya bugawa da sauri, ta jijiya a madadin welon. Aibin gwajin tsada, ga kuɗin mota na kusan kilomita 900, ga jira tun safe. Duk da haka ni kuɗina bai tafi banza ba, an canza mini magani kuma hakin ya ragu sosai. In za ka je ka ɗauki ordonans ɗinka duka, wato takardun magani, akwai maganin tansiyo mai rage bugun zuciya, likita ne zai ce a tsaida shi ko a'a.