Abin hannu mai motsi ko fitilar zumunci?

In ƙawarki ta yi aure ta koma Yamai ke kina Maradi, akwai kaya biyu da aka ƙera don ta san kin tuna da ita ko ba ki buga waya ba. Na farko abin hannu ne irin Bond Touch, guda biyu ake saye, kin taɓa naki nata ya yi ɗan motsi ya kawo haske, ta Bluetooth yake haɗuwa da waya, sai dai dole kowa na da konesiyon. Ɗayan fitila ce, kin dafa taki tata ta kama can ɗakinta. Tana da kyau wallahi amma wifi take so da kuran, kuma mun san yadda kuran ke ɗaukewa lokacin zafi, ga shi in ta tahi kasuwa ba za ta gani ba sai ta dawo.

Ni abin hannun na zaɓa, don jiki yake taɓawa, ko tana cikin taron biki ita kaɗai za ta ji. Da ma a ce yana ɗumi kaɗan kamar an riƙe maka hannu, lokacin ɗari dai, ba watan Afrilu ba.